Inna Azara da Tandun Man Shanu

Ku matso kusa ku gyara zama, na gaba ya ɗan ja tabarma ya ba na baya wuri. Labarin da na kawo muku na wata tsohuwa ce ta nan garinmu Dakoro, Inna Azara, wadda ta daɗe tana zama a layin masu nono da man shanu a kasuwa. Ba ta saye, ba ta sayarwa. Aikinta ta ɗanɗana mai ta faɗi abin da harshenta ya ji. Abu biyu take ji da su a duniya: maganarta, wadda ba a taɓa kama ta da ƙarya a kan mai ba, da aminiyarta Rahma. Akwai ranar da abubuwan nan biyu suka ƙi zama wuri ɗaya, kuma can za mu je, amma bari ku fara sanin matar.

A wani ƙauye ta wajen Birnin Lalle aka haife ta, gidan manoma. Uwarta ta rasu tana ƙarama, sai ta tashi a hannun kakarta. Bayan an cire amfanin gona Fulani sukan sauka a gonarsu, shanu su ci kara su bar taki, matan kuma su kawo nono da mai a ba su gero. Wata rana aka zuba wa tuwo man shanu, yarinyar ta kai loma ɗaya ta janye hannu. Kakar ta yi mata faɗa, ta ce wane ɗan talaka ne yake ƙin tuwo da mai. Yarinyar ta ce man yana da ɗaci can ƙasan harshe, irin na ganyen anza. Kowa ya ɗanɗana, ba wanda ya ji komai. Da Bafillatanar da ta kawo man ta dawo kakar ta ba ta labari don a yi dariya, sai matar ta kama haɓa ta ce ai kuwa kwanakin nan anza shanun suke ci, ciyawa ta ƙare a inda suke kiwo. Daga ranar, duk man da ya shigo gidan sai an kira Azara.

Aure ya kawo ta Dakoro, gidan wani mai tufkar igiya da ake kira Sallau, mutum mai sanyin hali. Ƴaƴan da ta haifa ba su zauna ba. Da Sallau ya rasu ba ta sake aure ba, ta riƙe ɗakinta da ƴar rumfarta. Maƙwabta suka fara jan ta kasuwa ta duba musu mai kafin su saya, har abin ya zama sana'a. Mai saye ya ba ta ɗan abin da ya sawwaƙa, mai sayarwa ba ta karɓar ko ludayin nono daga hannunsa.

Da kun ga yadda take aikin. Ba ta cin goro, ba ta shan shayi mai ƙarfi, kuma tun jajiberin kasuwa take barin barkono. Da safe take fita ba ta karya ba, da ɗan goran ruwa, da tsinken kaba, da ɗanyen gero a ƙulle a bakin zane. In an miƙo mai, sai ta ɗaga shi wajen rana ta dubi launinsa, ta ɗiga a bayan hannu ta murza, ta shinshina, sannan ta ɗora a harshe ta rufe ido. Tsakanin wannan mai da wancan takan tauna gero ta kurkure baki. In ta buɗe ido ba ta yawan magana. Ta ce wannan na damina ne, shanun sun ci ɗanyar ƙarangiya tun ba ta yi ƙaya ba. Ko ta ce wannan na rani ne, ga shi fari, ba shi da jiki. Ko ta dubi mai sayarwa ta tambaye ta a hankali man gyaɗar da ta haɗa na wane gari ne, sai ka ga mace ta rufe ƙwaryarta ta sake layi.

Amma inda ta fi suna shi ne tsohon mai, wanda aka soya aka ajiye. Shi ake nema wa mai tarin da ya ƙi ci, da wanda ya karye, da mai jego. Takan ce sabon mai kamar yaro yake, ƙamshinsa duk a waje, yana ta surutu. In ya shekara sai ya natsu. In ya ƙara shekaru sai ya yi yashi-yashi a harshe, launinsa ya koma na zuma, ƙamshin ya bar hanci ya koma maƙogwaro, kana haɗiyewa kana jin ɗumi yana sauka har ƙirji. Ta kuma ce ba kowane mai ne yake iya tsufa ba. Sai na shanun da suka ƙoshi, wanda aka soya da haƙuri a wuta mai sanyi har ya daina tsartsatsi, ruwan cikinsa ya fita sarai, aka zuba a tandu busasshe aka toshe. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, shekaru ba za su gyara shi ba, sai dai su tona shi.

Rahma kuwa Buzuwa ce, mutanenta daga arewa suka gangaro tun zamanin kakanni, suka zauna a wani ƙauye kusa da Bader Goula, suna ɗan noma suna kiwo. Mijinta Mamani yana da garken shanu da ake kwatance da shi. Haɗuwarsu ta farko da Azara faɗa ne. Rahma ta kawo mai, Azara ta ɗanɗana ta ce man mai kyau ne amma da kashin shanu aka hura wutar suyarsa, hayaƙi ya shige shi. Rahma ta ce ita ba za ta tsaya wata ƴar birni da ba ta taɓa kama hantsar saniya ba ta koya mata suyar mai. Ta ɗauki kayanta ta tafi. Kasuwa ta gaba sai ga ta ta dawo da wani man, ta dire a gaban Azara ba ko sallama. Azara ta ɗanɗana, ta daɗe ido rufe, sannan ta ce a faɗa wa duk mai neman na ajiya ya zo nan.

Daga nan suka ƙulle. Duk zuwan Rahma Dakoro a ɗakin Azara take sauka. Tana kiranta Yaya, Azara kuma tana kiranta Uwar Hamid, da sunan ɗanta tilo. Rahma takan ce ranar da Yaya za ta mutu sai ta ɗanɗana ruwan wankanta ta ce na wace rijiya ne. Azara takan ce ita dai ta gode Allah da bai ba ta kan Buzuwa ba, wanda ko guduma ba ta fasawa. Haka suka yi ta yi har furfura ta fito musu tare.

Sai aka yi farin nan da ya share shanun arewa. Wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Ciyawa ta ƙare, kara ya ƙare, aka koma ba shanu ƙaiƙayi da tsohuwar ciyawar jinka, har kwali sun ci. Mamani ya kora garken ya yi kudu neman kiwo, ya bar wa Rahma ƴan shanun tatsa. Bai dawo ba. Ciwo ya kama shi a hanya, aka binne shi a wani gari da Rahma ba ta taɓa zuwa ba, garken kuma ya zube ɗaya bayan ɗaya. Na gida ma suka fara kwanciya. Kafin ta ƙarshe ta faɗi, Rahma ta yi ta tara ɗan man da take samu, yau kamar ƙwayar dabino, gobe ko hakan babu. Ta soya shi da ƴan ƙiraren da ta tsinto, ta zuba a tandun fatar raƙumi da ta gada wajen uwarta, ta toshe bakin da fata da ƙaro, ta rataye a ƙuryar ɗaki. Ta yi alkawari ba za a buɗe ba sai ranar sunan ɗan Hamid na fari, don jikan Mamani ya sha nonon uwar da ta ci man shanun kakansa.

Azara ta san da tandun, kuma tun da ta ji yadda aka yi shi take shakkar man. Sau ɗaya ta ce a bari ta duba shi tun da sauran gyara. Rahma ta ce alkawari ta yi, ba ta buɗewa. Azara ba ta sake tayar da maganar ba. Rahma ba ta ƙara mallakar saniya ba, sai ƴan awaki. Matar da a da ake layi a gaban ƙwaryarta ta koma tana sayen mai a kwalba kamar kowa. Amma ko a gidan biki in ana hirar dukiya, sai ta ce ita ma tana da ajiyarta, ranar tana zuwa.

Ranar ta daɗe ba ta zo ba. Hamid ya tafi haƙar zinariya can arewa, shekaru suna wucewa sai dai a ji muryarsa a salula. Daga baya ya dawo, ya auri wata yarinya mai suna Lailatu, Allah ya ba su ɗa namiji. Rahma ta aiko wa Azara cewa ko a kan jaki ne ta zo, ita za ta fara ɗanɗana man a gaban mata.

Azara ta shiga mota ana gobe suna, ta isa da la'asar. Bayan ta ga jariri ta yi barka, ta ja Rahma gefe ta roƙe ta su shiga ɗaki su biyu su buɗe tandun yanzu, kafin taro. Rahma ta ƙi.

"Yaya, shekara nawa matan ƙauyen nan suna kallona, matar Mamani ba ko maraƙi? Gobe nake so su gani da idonsu. Ke kuma ki faɗa musu da bakinki, don ke ba a musa miki."

Azara ta ce tsohon mai sai a hankali, wani lokaci yana ba mutum kunya. Rahma ta yi dariya ta ce tsoro ne ya kama ƴar birni, ta san ba ta taɓa ɗanɗana irinsa ba.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Mahamadu, aka yanka rago. Da hantsi gida ya cika da mata, har na ƙauyukan kewaye, don labarin tandun ya daɗe yana yawo. Rahma ta fito cikin baƙin zanenta mai shuni wanda ba ta ɗaura ba tun rasuwar mijinta, rungume da tandun kamar jariri. Ta ajiye a tsakar gida, ta sa wuƙa ta ɓamɓare ƙaron da hannunta.

To a nan sai na gaya muku wata al'ada ta Inna Azara da duk macen da ke wurin ta sani. In an ba ta tsohon mai, ba a jiran maganarta, maƙogwaronta ake kallo. In man ya yi, sai ta haɗiye. In ya mutu, sai ta juya ta tofar a ƙasa ta tura rairayi ta rufe, ba ta ƙara cewa komai. Mutane da yawa sun sayi maganin iyayensu a kan wannan haɗiyar kaɗai.

Ta tsoma tsinken kaba ta ɗago. Man bai yi launin zuma ba, ya yi fari-fari da duhu-duhu kamar tsohon ƙashi. Ta murza a bayan hannu, ta kai hanci, ta ɗora a harshe, ta rufe ido. Abin da ta ji tsoro shi ta tarar. Babu jiki, babu ɗumi. Ƙaiƙayi ta ji, da ƙura, da yunwar dabbar da take tatso abin da ya rage a ƙashinta. Suyar ba ta kai ba, ruwa ya kwanta a ciki ya yi ta cin man shekara da shekaru, har ya bar wani ɗaci mai maƙaƙi da yake kama maƙogwaro. Man ya mutu tun da daɗewa.

Ta daɗe ba ta buɗe ido ba. Mata suka zuba wa wuyanta ido. Da ta buɗe, Rahma ce a gabanta, tsaye, ta haɗa hannuwa a ƙirji, ga mata a bayanta sun yi da'ira har bakin zaure. Azara ta dubi rairayin da ke gefen ƙafarta. Ta sake duban Rahma. Sai ta haɗiye.

Guɗa ta tashi. Mata suka yi ta rungumar Rahma, tsofaffi suna sa wa Mamani albarka, wata tana cewa ai dama shanun gidan nan ba a yi irinsu ba. A cikin hayaniyar A'ishatu, uwar mai jego, ta ɗauko ludayi za ta ɗebi man ta narka a kunun ɗiyarta. Azara ta riƙe mata hannu. Ta ce man ya tsufa ƙwarai, ya wuce na ci, cikin mai jego ba zai ɗauke shi ba. A ɗan shafa wa jariri a tafin ƙafa don ya taka sawun kakansa, sauran a mayar a rufe. Tun da ita ta faɗa, ba wadda ta yi musu. Aka shafa wa Mahamadu a ƙafa, aka yi ta shewa, Rahma ta ɗauki tandunta ta shige ɗaki.

Bayan azahar, da mata suka koma wajen rabon tuwo, Azara ta bi ta. Ta same ta zaune a bakin gado, tandun a buɗe a cinyarta, yatsanta da maiƙo.

"Yaya, kin haɗiye," in ji Rahma, ba ta ɗago kai ba.

"Na haɗiye."

"Ni ma ɗiyar shanu ce. Tun da na ɓalle bakinsa warin ya buge ni."

"To mi ya sa kika bar ni na kai baki, Uwar Hamid?"

"Na ce ko hancina ne ya tsufa. Na ce in ke kika haɗiye, to ni ce ban sani ba. Har na yi murna, Yaya. Sai da kika riƙe hannun A'ishatu." Ta goge yatsan a zane. "Kin rufa mini asiri, Allah ya rufa naki. Amma yanzu ban san wanda zan tambaya gaskiya ba."

Azara ta zauna kusa da ita. Rahma ta ce tun da su biyu ne, ta faɗa mata abin da ta ji a man, kada ta rage komai. Azara ta faɗa mata. Ta ce shanun sun ba ta iyakar abin da ya rage musu, kuma abin bai kai na ajiya ba. Ta ce wutar ma ta yi kaɗan. Rahma ta ce ƙirare ne suka ƙare, kuma a ranar saniyar ƙarshe tana kwance tana nishi a ƙofar ɗaki, ta ƙagu ta sauke tukunya ta je wajenta. Tana faɗin haka sai kuka ya zo mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka kawo labarin Mamani. Azara ba ta ba ta haƙuri ba, ta dai riƙe ta har ta gama.

Azara ta koma Dakoro. Da ranar kasuwa ta zagayo ta je layin masu mai, amma ba ta shimfiɗa buhunta ba. Ta bi su ɗaya-ɗaya ta yi musu sallama, ta ce harshenta ya gaji, a nemi wata. Suka yi ta roƙo, wasu har gida, ta ce a yi mata afuwa. Ta koma tana soya ƙuli-ƙuli tana sayarwa a ƙofar gida.

Da Rahma ta ji, ta hau kabu-kabu ta zo a fusace. Ta ce wannan wane irin taurin kai ne, abu sau ɗaya, don ita aka yi, ba wanda ya cutu, ba kuma wanda ya sani. Azara ta ce ita ta sani.

"Gobe wata za ta zo da man da za ta ba uwarta mai tari, ta tsaya tana kallon wuyana. Mai sayarwar kuma wataƙila marainiya ce, ko wadda shanunta suka mutu. Da ban san tausayi yana iya tura mai ya wuce maƙogwarona ba. Yanzu na sani."

Rahma ta ce to ashe ita ce ta raba ta da sana'arta. Azara ta ce a'a, ita ta zaɓa, kuma in aka mayar da ita tsakar gidan nan ba ta da tabbacin za ta yi wani abu dabam. Daga nan ba su ƙara yin maganar ba.

Zumuncinsu bai yanke ba, sai ma ƙaruwa. Rahma ta riƙa daɗewa a Dakoro fiye da ƙauyensu, suna zaune a rumfa suna ɓarar gyaɗa suna tsokanar juna. Amma in mai tallan man shanu ta yi sallama, sai su biyun su mayar da ido kan gyaɗarsu har ta wuce. Da ciwon ajali ya kwantar da Azara, Rahma ce ta yi jinyarta, ita ta rufe mata ido. A zaman makoki, da mata suka fara cewa marigayiyar ba ta taɓa haɗiye mataccen mai ba a rayuwarta, Rahma ta ce a dakata. Ta ba da labarin nan duka da bakinta, a gaban wasu daga cikin matan da suka yi mata guɗa a wancan suna. Ta ce ta gaji da riƙon mutuncin da aka saya mata da tsada haka, gara a san wadda ta biya.

Har yau in zancen ya tashi a layin masu mai ba a rabuwa a kan magana ɗaya. Wasu suna cewa da ta tofar, Rahma za ta ji kunyar yini guda ta warke, gari kuma bai rasa mai faɗa masa gaskiya ba. Wasu suna cewa wanda bai ga fuskar Rahma a tsakar gidan nan ba kada ya yi saurin yanke hukunci. To ku da kuka zauna kuka ji, da a bakinku man yake, aminiyarku tana tsaye a gabanku, gida ya cika ana kallon wuyanku, tofarwa za ku yi ko haɗiyewa?